Takardar Ba Ma Buƙatarsa

Shekara goma sha ɗaya Pak Sutrimo ya yi yana mai da kansa mutumin da ofishinmu ba zai iya wuni guda babu shi ba, kuma ya yi nasara. Daga baya ya zo yana neman warware wannan nasarar cikin wata uku, ni kuma na ɓata masa da bakina. Shi ya sa nake ganin ni ya kamata in ba da labarinsa.

Sunana Masniah, a ofis Bu Mas ake ce mini, don a nan Bu ake ce wa mace, Pak kuma namiji babba ko uba. Ni ke buga wasiƙu a ofishin rajista na garinmu, nan bakin kogi a tsibirin Kalimantan, inda ake ba da takardar haihuwa da katin shaida da takardar mutuwa. Shekara ashirin da shida ina kan kujera ɗaya, har ta lotsa daidai jikina. Ina nan zaune ranar da aka turo mana shi daga garin Pacitan, can tsibirin Jawa, da jaka ɗaya da tukunyar dafa shinkafa mai lantarki a hammata. Ya baro matarsa Suparti tana koyarwa a firamare, da 'yarsu Laras mai shekara uku. Ya ce mana shekara biyu zai yi ya koma. Mun yi masa murmushi, don mun sha jin irin wannan.

A yarensu, ma'anar sunansa mai karɓar duk abin da ya zo masa. Na sha gaya masa iyayensa ba su kyauta masa ba. Sai ya yi dariya ya ce, "To Bu Mas, na karɓa."

Ɗakin aikinsa da can ma'ajiyar tsintsiya da bokiti ne, ba ko taga. Nan aka ajiye babbar kwamfutar da duk sauran kwamfutocin ofis ke ɗebo bayanai daga cikinta. Kaka muke ce mata, saboda tsufa da yawan nishi. Saboda ita aka sa na'urar sanyaya ɗaki, ba saboda shi ba, don haka a garin da gumi ke tsiyaya tun ƙarfe bakwai na safe, Pak Trimo, yadda muke taƙaice sunansa, shi kaɗai ke yawo da rigar sanyi. Duk bayan kwana uku ko huɗu sai Kaka ta cije. Takarda ta daina fita, layi ya kai bakin titi, ga mutanen da suka yi awa biyar cikin kwale-kwale daga saman kogi da jarirai a goye. Sai ka ji ofis ya ɗauka baki ɗaya: "Pak Trimooo!" Ya shiga, ya rufe ƙofa, minti biyar ya fito yana gyara tabarau, takarda ta ci gaba da fita. Ba wanda ya san abin da yake yi a ciki. Kuma gaskiya ɗaya ce, shekarun farko yana jin daɗin hakan. Na ga yadda yake tafiya a hankali idan ana kwala masa kira.

Abin da bai lura da shi ba, ƙofar da yake rufewa a kanmu, shi take rufewa a ciki. Hutun Sallah kwana biyar kawai yake samu, da wayarsa a kunne. Akwai shekarar da aka dawo da shi daga filin jirgi da tsarabarsa a hannu. Laras ta yi wayo a waya, ta fara karatu a waya, ta sa ɗankwali a waya. Yana nuna mini hotunanta wajen shan shayi, ina cewa ma sha Allah, a raina kuwa tausayi ne ke cina.

A watan Yuli na bara ya zo teburina da wata wasiƙa. Wani ofishi a Pacitan ya samu gurbi, sun yarda su ɗauke shi, za su riƙe masa wurin har ƙarshen Satumba. Abu ɗaya ya rage, takarda daga shugabanmu mai cewa ofishinmu ya sake shi, ba ma buƙatarsa. Layi shida ce. Na buga ta nan take, ban ko sha shayina ba, muka shiga wurin shugaban namu, Pak Rusdian, tare.

"Izini, Pak," na ce a bakin ƙofa. "Izini, Pak," in ji Pak Trimo a bayana.

Haka muke mu ma'aikatan gwamnati. Izini kafin ka shiga, izini kafin ka zauna, izini kafin ka ba da amsar tambayar da aka yi maka. Mijina ya ce ko a barci ina faɗa kafin in juya.

Pak Rusdian mutum ne mai sanyin murya da turare mai kyau. Ban taɓa jin ya ce wa kowa a'a ba, kuma wannan ne mugun abin da ke tattare da shi. Ya karanta takardar har sau biyu, ya shafe ta da tafin hannu.

"Kai, na taya ka murna, Mas Trimo. Iyali ai su ne komai." Mas ɗin nan kiran ɗan'uwa ne a wurin mutanen Jawa. Ya ɗaga biro, ya dube shi, ya mayar aljihu. "Amma ka duba abin da Bu Mas ta rubuta. Ba ma buƙatarsa. In sa hannu a kan ƙarya? Gobe Kaka ta cije, wa zan kira, mai gadi?"

"Izini, Pak, a iya neman wani."

"Za a nema. Ba na ce a'a ba fa. Tukuna dai."

Muka fito da takardarmu. Da a ce a'a ya ce, da mutum ya san inda zai kai kuka. Tukuna kuwa ba ta da ofishin da ake ƙarar ta.

Kwana biyu Pak Trimo yana kulle a ɗakin Kaka. A rana ta uku ya tsaya a kaina ya ce, "Bu Mas, ke ke auna wa maigidanki hawan jini, ko?"

"Safe da yamma. Me ya faru, kai ma ya kama ka?"

"In kin iya karanta wancan, kin iya karanta Kaka. Taso."

"Ni? Ni da ko wayata jikata ke gyara mini?"

"Ke kaɗai ce ba za a yi wa canjin wurin aiki ba. Wa zai iya ɗaga ki daga kujerar nan?"

Na zage shi, na ɗauki mayafina mai kauri, na bi shi. Ranar na fara taka ɗakin nan tun da aka fitar da tsintsiyoyi.

Allon Kaka baƙi ne wuluk, ba hoto, ba abin dannawa, sai wani ɗan farin ɗigo yana ƙiftawa. Ya ce shi da ka yake binciken ciwonta, da wasu dogayen umarni da ya haddace, amma akwai wani ɗan shiri da ke baje duk abin da na'ura take yi a allo ɗaya, sunansa htop. Ya buga kalmomi huɗu don sauko da shi daga intanet, Kaka ta nemi kalmar sirri, ya ba ta, ta shiga zubo rubutu. Ana ruwa ranar, layin intanet ɗinmu kuwa ba ya shiri da ruwa, abin da ya ce na minti ɗaya ne sai da ya ci kwata. Da ya gama ya buga sunan shirin, allo ya cika fal: sanduna masu launi a sama suna miƙewa suna komawa, a ƙasa layuka fiye da ɗari suna tsalle, na sama ya koma ƙasa kafin ka gama karanta shi.

"Wannan ai kasuwar kan ruwa ce ranar Lahadi," na ce. "Sai anjima."

"Zauna, Bu. Yanzu za mu kori 'yan kallo."

Ya danna F2, wani shafi ya buɗe, ya shiga rage kaya. Sanduna huɗun da ke nuna wahalar ƙwaƙwalwar na'ura ya haɗe su suka zama ɗaya. Cikin ginshiƙai goma sha wani abu ya bar mini biyar: lambar aiki, mai shi, harafi ɗaya da ke faɗin halin da yake ciki, kason ƙarfin da yake ci, da sunansa. Ya ɓoye ƙananan rassan da ke cika ido. Ya sa mafi ci ya riƙa zama a sama kullum. Sannan ya tambaye ni ko tsallen ya yi mini sauri, na ce kaina har ya fara juyawa, ya mai da shi sai bayan daƙiƙa biyar allo zai sabunta. Na nuna sandar ma'ajiya da ta kusa cika da ruwan ɗorawa, na ce ga ciwon nan. Ya ce a'a, wannan ajiyar wucin gadi ce, kamar shinkafar da aka bari a tukunya ko wani zai ƙara, da an buƙaci wurin za ta kauce. Kore shi ne abin dubawa.

Washegari na shiga da sunana, sai ga kasuwa ta dawo yadda take. Na fito ina masifa na ce ya yi mini wasa da hankali. Ya dafe goshi. Ashe tsarin da ya yi sunan mutum yake bi, a wani ɗan fayil yake kwana, shi kuma a ƙarƙashin sunansa ya yi. Ya kwafo fayil ɗin zuwa nawa. Daga nan ya buɗe wani wuri dabam, ya rubuta layi ɗaya a hankali, ya karanta shi sau uku.

"Shi ke nan, na ba ki izini a cikin na'ura. Daga yau duk aikin da ya kangare kina da ikon tsayar da shi, Kaka ba za ta tambaye ki 'yar wa ce ke ba."

Mai laifin ɗaya ne kullum, shirin buga takardu da wani ɗan kwangila ya rubuta mana ya ɓace. In ya kangare sai ya hau saman jeri yana cin ɗari bisa ɗari. A sa masa haske, a danna F9, sai lambobi su fito a gefe.

"Sha biyar za ki fara zaɓa," in ji shi. "Sha biyar roƙo ne. Don Allah malam, tattara kayanka ka fita. Ki ƙirga goma. In ya tafi, zai sake tashi da kansa lafiya lau."

"In ya ƙi fa?"

"Sai tara. Tara ba ta sallama, ba ta tambaya." Ya dube ni ta saman tabarau. "Sha biyar ni ne, Bu Mas. Tara ke ce."

"Allah ya shirye ka. Shi ya sa ka shekara sha ɗaya a ma'ajiyar tsintsiya."

Wata rana ina dubawa na hango wani layi can ƙasa, ba ya cin komai, sifili ko'ina, amma harafinsa dabam ne. Sauran R ne, masu gudu, ko S, masu barci. Shi Z ne. Na ce in tsayar da shi? Ya ce in gwada. Na ba shi sha biyar, yana nan. Na ba shi tara, ko gezau.

"Ba a kashe wanda ya riga ya gama," in ji Pak Trimo. "Kowane aiki a nan yana da uba, wanda ya tashe shi. In ɗa ya gama, sai uban ya waiwayo ya karɓi rahotonsa, sannan a share sunansa daga jeri. Wannan ya gama tuntuni. Uban ne bai waiwayo ba."

"To sai yaushe?"

"Sai uban ya tuna da shi, ko shi uban ya tafi. Ba ya cutar da kowa. Layi ɗaya kawai ya tare."

Ya faɗa yana goge tabarau da gefen rigar sanyinsa.

Sati shida muna haka. Sau tara Kaka ta cije, sau tara na shiga ni kaɗai na tashe ta, shi yana kantin Acil Imah, mai sayar mana da abinci, yana shan shayi da soyayyar ayaba, da gangan, don kowa ya gan shi. Sau biyu kawai na kai ga tara, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗinta. Pak Trimo kuwa ya canza. Ya sayar da babur ɗinsa, ya kawo mini tukunyar shinkafarsa har gida ya ce ta gado ce. Ya gaya wa Laras ta share masa wuri a kan teburin karatunta. Har waƙa na ji yana yi a makewayi.

Muka koma wurin Pak Rusdian da takardar. Ya saurare mu da kyau, ya ce abin sha'awa, amma shi sai ya gani da idonsa. In Bu Mas ta yi ita kaɗai a gabansa, to a kawo biro. Ya faɗa a gaban sakatarensa, kuma na yarda har ransa ya faɗa, don bai zaci zan iya ba.

Saura kwana goma sha biyu wa'adi ya cika, ranar Talata da hantsi, Kaka ta cije. Layi har bakin titi. Aka kira shugaba. Mu uku a ɗakin da ko mutum biyu sai sun yi haƙuri da juna: ni a kujera, Pak Rusdian a damana yana ƙanƙame jiki saboda sanyi, Pak Trimo a bayana ya haɗe hannuwa a gaba kamar mai jiran gaisuwa. Takardar tana cikin aljihun rigarsa, na ga gefenta.

Ban ji tsoro ba, wallahi. Na buga sunan shirin, allo ya buɗe tsaf yadda ya tsara mini. Ga mai laifin a sama, ɗari bisa ɗari. Na sa masa haske, na danna F9, na sauka kan sha biyar. Saura in danna maɓalli ɗaya. Yatsana yana kansa.

Sai na waiwaya na ce, "Izini, Pak Trimo."

Ban yi niyya ba. Ba tambaya nake ba, na san abin da nake yi sarai. Amma mai ɗaki yana tsaye, kujerarsa nake kai, ga babba a wurin, yaya za a yi in miƙa hannu cikin aikin mutum a gabansa ban ce komai ba? Shekara ashirin da shida bakina yana faɗin kalmar nan kafin hannuna ya motsa. Sabo turken wawa. Shi kuma, Allah sarki, nasa sabon ya amsa kafin hankalinsa ya iso: ya ɗan rusuna, ya nuna allon da babban yatsa yadda mutanensu ke yi, ya ce, "Bismilla, Bu."

Na danna. Ban kai ga ƙirga shida ba layin ya ɓace, sandar ta sauka, muka ji injin buga takarda ya kama a waje, wata mata ta yi hamdala da ƙarfi.

"Madalla!" in ji Pak Rusdian, har da tafi. "Bu Mas, kin burge ni." Ya juya ga Pak Trimo da murmushin nan nasa. "Amma ka ga abin da nake faɗa, ko? Sai da ta waiwayo ta nemi izininka, sai da ka ba ta. Ranar da ta waiwaya ba ta gan ka ba fa?"

"Izini, Pak," na ce, "ai bakina ne kawai, ba wai..."

"Kin ji ko? Ga shi kin sake." Ya yi dariya ya dafa kafaɗar Pak Trimo. "Ta kusa. A ƙara mata lokaci. Tukuna."

Ya fita yana murza hannuwa. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana, kuma ni ce gugan.

Sau uku na koma ofishinsa cikin kwanakin da suka rage. Na ce a sake gwadawa, a kulle Pak Trimo a kanti. Ya ce sai ya dawo daga taro a babban birnin lardi. Ya dawo ranar biyu ga Oktoba da tsarabar kek, har ya ba Pak Trimo yanki biyu. Mutanen Pacitan sun ba wani gurbin. Ba su yi laifi ba, sun jira iya abin da suka ce.

Na so Pak Trimo ya zage ni. Na tare shi a kanti na ce ya faɗi abin da ke ransa ko na samu sauƙi. Ya juya cokali a shayi ya ce, "Ke kika tambaya, Bu, amma wa ya amsa? Da na yi shiru na kalli silin, da yanzu ina gida." Na ce wannan haƙurin nasa ne zai kashe ni. Ya ce ya karɓa. Ban yi dariya ba wannan karon. Da yamma na mayar masa da tukunyarsa, ya karɓa da hannu biyu.

Yanzu ni ke kula da Kaka. In ta cije ba a ƙara kiran sunansa, "Bu Maaas!" ake yi, in shiga in fito cikin minti biyu. Abin da takardar ta ce ya zama gaskiya tsantsa, ba ma buƙatarsa, kowa ya sani, har shugaba. Sai dai yanzu babu inda ke jiransa, don haka babu gaggawar sa hannu. Yana zuwa ƙarfe bakwai da rabi da rigar sanyinsa, a motar haya tunda babur ya tafi, ya zauna a kujera ta biyu da muka saka masa a ɗakin. Pak Rusdian zai yi ritaya nan da shekara biyu da wata bakwai. Na ƙirga, kuma na san shi ma ya ƙirga. Kafin nan Laras ta gama sakandare, ta tafi wani gari karatu.

Layin nan mai Z yana nan a ƙasan allo, ko wani irinsa. Na taɓa cewa ya ɓoye mini shi, tunda ya iya ɓoye abubuwa, ya ce a bar shi.

Jiya da azahar ina zaune gaban Kaka wayarsa ta yi ƙara. Bai fita ba, ya juya mini baya kawai, ɗakin kuwa ba ya riƙe sirri. Na ji muryar yarinyar tana ba shi labarin jarrabawa, da kazarsu da ta yi ƙwai a cikin takalminsa da ya bari. Can ta ce, "Pak, wurin da na share maka a tebur, in mai da littattafaina ne? Ko kana zuwa?"

Ni ina kallon allo, ya sabunta sau ɗaya, ya sabunta sau biyu. Sannan na ji ya ce, da sanyin murya, a hankali, yadda aka koya masa:

"Ba na ce a'a ba, 'yata. Tukuna."